Tsuntsayen da Muka Rina

Asabar, 2 ga Safar 1315, da hantsi

Ashirin da shida. Na ƙirga sau biyu. Jajaye ashirin da shida, gauraka huɗu, zalɓe shida, da jinjimi ɗaya mai ɗingishi wanda ba wanda ya ce a kamo shi.

Littafin nan na Bature Rainka ne, ya ba ni in riƙa rubuta abin da tsuntsaye suka ci. Gaba nasa ne, ina yi masa da boko ɗin da na koya wa kaina a jikin akwatunan sito. Baya nawa ne, da ajami. Ba zai iya karantawa ba, akawunsa mai takalmi ma ba zai iya ba.

Shi yana ce musu filamingo. Mu Hausawan zangon Ankara jajaye muke cewa. Dogon wuya, ƙafa kamar tsinke, baki a lanƙwashe, suna cin abinci kai a kife. Za a kai su Jamus, wani gari Hambuk, a zuba su a lambu mutane su riƙa zuwa kallo. Jirgin hayaƙi zai zo nan da sati uku, kuma dole mutum ɗaya ya bi su yana ba su abinci a hanya. Da Yaya Sulemana ne zai bi. Jiya Bature ya ce ni.

Kwana shida da dawowata daga garin Ada da tsuntsayen. Ni kaɗai na dawo. Na ce wa mutanen gida Yaya ya tsaya kamun wasu, zai biyo baya. A bakin ƙofa na faɗa, ban ma sauke kaya ba, kuma haka maganar ta zauna.

Lahadi, 3 ga Safar, bayan azahar

Na ba su jiƙaƙƙiyar shinkafa da gero. Sun ci.

Talata, 5 ga Safar, da almuru

Inna ba ta tambaye ni ba. Ba za ta iya ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa a gabanmu ba. Sai dai ta kewaya. Yau ina wanke hannu ta ce wa bango, wai ko mutanen Ada ba sa aike ne. Na ce hanya ce ta lalace da ruwa. Ta ce to.

Hamsatu, matar Yaya, kullum sai ta rufe masa tuwo a akushinsa. Da safe ta ɗumama ta ba ni. Ina ci. Da can ba ta barina in wuce tsakar gida sai ta tsokane ni, Malam Boko, mai karatun akwati, yaushe za a karanto mana mata? Ni kuma in ce sai na samu wadda ta fi ta iya miya, abin da ba wuya. Yanzu sannu kawai. Tana kallon bakina in na shigo.

Laraba, 6 ga Safar, da asuba

Na bi ta bayan kasuwa zuwa sito. Ta bakin teku ta fi kusa. Na bi ta bayan kasuwa.

Juma'a, 8 ga Safar, da la'asar

Ashirin da shida.

Shingen yana bayan siton Bature, daf da tafkin gishiri. Yaya ne ya kafa shi da hannunsa, ya haƙa musu kududdufi a tsakiya. A gefe akwai tulin laka guda biyar da ya ɗora kamar murhu, wai haka ya ga suna yi a Ada in za su yi ƙwai. Burinsa ke nan, su hayayyafa a nan Ankara, a daina shiga taɓo har ƙirji ana kamo su. Na ce masa tsuntsun da aka yanke wa gashin fiffike ba zai yi maka ƙwai don ka gina masa kujera ba. Na faɗi abin da ya fi wannan ma. Har yau ba wanda ya hau ko ɗaya.

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga, Ayele, mai tallan busasshen jatan lande, ta leƙo ta saman shinge ta daɗe tana kallo. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, tsuntsu naka shi ba ya cin shinkafa a gidansa, ba shi wannan. Na ce ta kai wa mijinta, in yana da haƙori. Ta zage ni da Ga, na rama da Ga, ta tafi.

Litinin, 11 ga Safar, da hantsi

Sun koɗe. Na ɗauka idona ne. Na ɗauko gashin da ya zube ranar da muka iso, wanda na sa a cikin littafi, na kara a jikin babban. Ba ɗaya ba ne. Jan yana sauka kamar tsohon zane.

Lafiyarsu ƙalau, suna ci, suna faɗa da juna. Fari kawai suke komawa.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Liman ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da Kawu Garuba baduku, ƙanin Inna. Wai wani falke mai gishiri ya sauka daga Ada, an tambaye shi, ya ce bai ga Bahaushe yana kamun tsuntsu a can ba tun watan jiya.

Na ce Ada ba zaure ba ce da za a ga kowa. Na ce wataƙila ya haye Keta. Na ce mai gishiri ya kula da gishirinsa.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce ba tuhumata yake ba, hukunci yake gaya mini. Matar da mijinta ya rasu, wata huɗu da kwana goma ne, ta yi takaba ta fita. Matar da mijinta ya ɓata, ba a san yana raye ko ba ya raye ba, shekara huɗu za ta zauna tana jira kafin a ce komai. Ba ta da miji, ba ta da damar yin wani. Ya ce ni ne na gan shi daga ƙarshe, kuma ya ji zan hau jirgi.

Ya ce, "Jibirilu, in akwai magana, kada ka tafi da ita Jamus."

Na ce ban sani ba. Na ce a bar ni, tsuntsaye ba su ci na yamma ba.

Hamsatu shekararta goma sha tara.

Laraba, 13 ga Safar, da hantsi

Bature ya zo dubawa da lofensa da akawunsa. Ya tsaya, ya cire lofen, ya sake mayarwa. Ya yi ta magana da yarensu, akawu yana juya mini. Wai Hambuk ba ta son farin tsuntsu, farin tsuntsu suna da shi a kowane kududdufi. Jan ake zuwa kallo. In jirgi ya zo suna haka, ba zai ɗora su ba, in ba a ɗora su ba kuwa ba ya bukatar mai rakiya. Wai me na yi musu?

Na ce wa akawu ya gaya masa abin da ya rubuta a takarda shi nake ba su, shinkafa da gero, da hannunsa ya rubuta, na karanta. In ya san abin da ke sa su ja, ya faɗa. Akawu ya ce ba zai juya wannan ba. Na ce to ya juya takalminsa, hagu yake sa wa dama.

Bature zai hau tudu gobe wajen masu kama birai. Kwana biyar.

Alhamis, 14 ga Safar, da azahar

Ashirin da shida. Sun ci.

Ina so in hau jirgin nan. Ban damu da Hambuk ba. Wuri nake so inda ba wanda zai rufe tuwo.

Juma'a, 15 ga Safar, bayan an sauko

Kawu Garuba ya biyo ni shinge. Ya zagaya, ya kama ɗaya, ya buɗe fiffiken yana shafawa kamar mai taya fata. Ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Shekara talatin yana mayar da farar fatar akuya ja, tun yana Kano kafin ya shiga soja, kuma jan da ya sa a kube ko a sirdi mai shi yakan mutu ya bar shi. Yana da karan dafi dami biyu da aka kawo masa daga Salaga. A daka, a jiƙa da ruwan toka da 'yar kanwa, a tsoma, shi ke nan. Ya ce in an sassauta haɗin zai fito ja mai haske, daidai irin nasu.

Na ce tsuntsu mai rai ne, Kawu, ba takalmi ba.

Ya ce gashi gashi ne. Mata ba sa ƙunshi suna da rai? Tsofaffi ba sa rina gemu?

Na ce to, ya kawo gobe.

Da zai tafi ya tsaya a bakin shinge bai juyo ba, ya ce shi ba don Bature zai yi ba. Aikin Sulemana ne, ba ya so yaron ya dawo ya tarar an ƙi kayansa. Na ce haka ne.

Asabar, 16 ga Safar, da yamma

Mun yi.

Kwatarniya biyu. Ni ina riƙe wuya da baki, Kawu yana riƙe ƙafafu ya tsoma jikin, ya bi da tsumma ƙarƙashin fiffike. Da fari ruwan bai kama ba, yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Kawu ya ce maiƙo ne, kamar ɗanyar fata, sai an wanke. Muka wanke kowanne da sabulun salo har gashin ya daina tsantsi, sannan muka tsoma. Nan ya kama.

Suna kuka kamar agwagwa mai mura. Ɗaya ya cije ni a gwiwar hannu, ban ji ba sai da Kawu ya nuna mini jini.

Goma sha bakwai muka yi ruwan ya ƙare. Saura tara.

Da suka bushe a rana, wallahi sun yi kyau. Sun fi yadda Allah ya yi su ja. Mata masu ɗiban ruwa suka tsaya kallo. Kawu yana ta murmushi, ya ce a Kano da an ba shi riga. Hannuwana ja har wuyan hannu. Hamsatu ta gani da na shigo, ta buɗe baki kamar za ta ce wa ya yi wa amarya lalle. Na ga maganar ta zo mata. Ta haɗiye.

Lahadi, 17 ga Safar, da hantsi

Rinannun ba sa shiga kududdufi. Wanda ya shiga ya fito sharkaf kamar kaza, gashi a manne, ana ganin fata. Farare tara suna shiga su fito a bushe.

Suna ta gyaran gashi da baki. Bakunansu sun yi ja ta ciki.

Litinin, 18 ga Safar, da azahar

Ruwan sama tun asuba, da iska daga teku.

Jan ruwa yana fita ta ƙarƙashin shinge ya bi lungu har bakin hanya. Wani ɗan sanda ya biyo shi ya zo ya tambaya ko yanka aka yi. Na ce eh, uwarsa muka yanka. Allah ya sa Bagurunshe ne sabon zuwa, ba ya jin Hausa.

Rinannun suna tsaye a kusurwa suna rawar ɗari. Na kwashe su zuwa rumfar sito, na hura gawayi, na rufe su da buhuna. Tsuntsun ruwa, ina shanya shi a bakin wuta.

Ashirin da uku.

Talata, 19 ga Safar, da asuba

Goma sha tara.

Talata, da la'asar

Goma sha shida. Ba sa faɗuwa gaba ɗaya. Sai ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ya zauna, ya ɗora wuyan a ƙasa a hankali kamar igiya. Ina tsaye ina kallo. Na iya wannan, tsayawa ina kallo.

Kawu ya zo ya gani, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce ko kanwar ce ta yi yawa. Na ce ba kanwa ba ce, mun wanke musu rigar ruwansu ne da sabulu, ni na riƙe wuya. Ya ce me zai gaya wa Sulemana. Na ce ya je gida.

Na haƙa rami bayan shinge. Ayele ta wuce da tirenta, ta ga abin da nake binnewa. Ba ta zage ni ba. Ta zuba jatan lande tafi biyu a kan dutse ta wuce. Na daka na zuba wa farare a ruwa. Sun kife kai suna ci kamar ba su taɓa cin abinci ba.

Laraba, 20 ga Safar, da hantsi

Goma sha ɗaya. Tara farare, biyu rinannu.

Bature ya sauko. Ya goga hankicinsa a bayan ɗaya, ya duba hankicin, ya dube ni. Na jira ya ɗaga sanda. Da ya ɗaga da na ji daɗi. Sai ya zauna a kan akwati ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a ciki, ya ce wa akawu shekara goma sha biyu yana wannan aiki daga nan har Kamaru, an sayar masa da makahon zaki, an sayar masa da biri mai ciwon hauka, amma ba a taɓa rina masa tsuntsu ba.

Daga baya ya ce gaurakan suna da kyau, zalɓen ma, kuma zai ɗora farare tara ɗin ko yaya, ya gaji. Har yanzu yana bukatar mai rakiya. Ba shi da wani da ya san hannunsu. Jirgi Asabar. In zo da tabarmata da bargo, can akwai sanyi.

Ke nan hanya a buɗe take. Na jira in ji wani abu. Na je na wanke kwatarniya.

Alhamis, 21 ga Safar, da azahar

Tara. Sun ci.

Inna ta ɗinke mini bakin bargo. Ta ƙulla kuka da daddawa a tsumma. Ta ce in na je in riƙa salla ko da ba a kira. Ta ce in wancan ya dawo za ta gaya masa na riƙe masa aikinsa.

Juma'a, 22 ga Safar, da hantsi

Hamsatu ta zo shinge. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta taho tun daga zango da mayafi, ta tsaya daga waje ta riƙe itacen shingen. Ina durƙushe ina daka jatan lande.

Ta tambayi wanne ne babbansu, na nuna mata. Ta tambayi tulin lakar nan na mene ne, na gaya mata. Ta ce eh, ya ba ta labari, har ya ce in sun yi ƙwai zai kawo mata ɗaya ta gani. Na ci gaba da daka abin da ya riga ya daku.

Ta ce ba ta zo ta tambaye ni inda yake ba. Ta tambaya da ido kwana ashirin da shida, ta gaji.

Ta ce, "Mai kitso ta zo sau biyu ina sallamar ta. Gobe za ta dawo, kai kuma gobe za ka tafi. Kaina ya tsufa, Jibirilu. In yi kitson, ko in tsefe in bari?"

Bakin nan nawa da ya zagi ɗan sanda, ya zagi akawu, ya zagi tsohuwa. Na nemi abin da zan ce mai kaifi, babu.

Na ce, "Ki tsefe."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai kamar na gaya mata farashin gero. Ta ce wace rana. Na ce Laraba, ashirin da biyu ga Muharram, da hantsi, a bakin kogi inda yake haɗuwa da teku. Ta ƙirga a yatsunta. Ta ce to wata ɗaya ya riga ya tafi a cikin takabar, tana ta sa turare ba ta sani ba.

Ta ce in je wurin Liman yanzu, kafin a tafi masallaci. Inna kuma ni zan gaya mata, ba ita ba. Ta gyara mayafi ta juya.

Juma'a, da la'asar

Na gaya wa Liman. Kawu yana nan, da dattawa biyu. Mun riga mun haye da sauran tsuntsayen, sawu na ƙarshe ne, kwando ɗaya. Igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen ta gefe ya kife. Liman ya tambaya ko na ga Yaya ya nutse da idona. Na ce na gani. Ko ya sake tasowa. Na ce sau ɗaya. Ko an nema. Na ce kwana biyu, ni da mai kwalekwalen da mutanensa. Ya ce za a aika Ada a ji daga bakinsu, amma ya karɓa. Ya yi addu'a. Bai ce mini komai a kan ƙaryar ba, sai da na miƙe ya ce in je gida, uwata tana nan.

Kawu ya rufe fuska da hularsa.

Na gaya wa Inna. Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, 23 ga Safar, da azahar

Na kai su bakin teku da kaina, kwando tara, da gauraka da zalɓe. Jinjimin na sake shi, ya ƙi tafiya. 'Yan Kuru, matuƙan kwalekwale, suka ɗora kayan a kwalekwalensu. Na gaya wa babbansu, wanda zai bi jirgin, ya riƙa daka jatan lande a ruwa, kada ya bar su a rana, kada ya wanke su da komai. Na ba shi bargon.

Bature ya ce ni mahaukaci ne, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce in ya rubuta takarda ya gaida Hambuk.

A gida an shimfiɗa tabarmi har waje. Mutane suna ta shigowa. Kowa ya riƙe hannuna ya ce sannu, kai ma Allah ya tsare ka, ka ga tashin hankali. Ina cewa amin.

Litinin, 25 ga Safar, da hantsi

An yi sadaka. Hamsatu tana ɗaki da farin zane, kai a tsefe, mata kewaye da ita. Saura mata wata uku da kwana bakwai. Ta aiko mini da kunu.

Gobe zan mayar wa Bature littafinsa, in yage na baya. Kafin nan bari in sa wannan a wani wuri.

Da kwalekwalen ya kife, kwandon ya taso kusa da ni na rungume shi da hannun dama. Tsuntsu uku ne a ciki. Da Yaya ya taso, bai fi tsawon tabarma tsakaninmu ba. Bai kira ni ba, ya dube ni ne kawai. Muna cikin faɗa aka kife, maganata ce ta ƙarshe, kuma ba mai kyau ba ce.

Liman ya tambaye ni abin da idona ya gani. Bai tambaye ni hannun hagu ba. Babu komai a cikinsa.